Walki Ba Abin Kunya Ba Ne

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, yara suna ganin walki a maƙera ko a filin kokowa. Walki fatar akuya ce da aka jeme, namiji yana ɗaura ta a ƙugu. A dā manoma da mahalba da maƙera da shi suke aiki. Yau wasu ƴan makaranta in sun ga mai walki sai su bushe da dariya, su ce baƙauye ne. Wannan dariya kuskure ce.

Walki ba daga sama ya faɗo ba. Makiyayi ya kiwata akuya. Majemi ya jeme fatar da bagaruwa har ta yi laushi. Jar akuya ta ƙasar Maraɗi kuwa, fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Walki yana kare maƙeri daga tartsatsin wuta, yana kare manomi daga ƙaya. Wanda ya rena walki, ya rena aikin waɗannan mutane duka.

Ba Hausawa kaɗai ke da tufar ƙugu ta maza ba. Can a Turai, arewa da Ingila, akwai ƙasar Sikotilan. Mazan can suna da wata tufa ta ulu mai zane-zane, tana tsayawa a gwiwa. Sunanta kilti. A shekarar 1746, bayan wani tawaye, gwamnatin Birtaniya ta yi dokar hana sa ta, sai ga sojoji. Wanda ya karya dokar, ɗaurin wata 6 ne. Sai a 1782 aka soke dokar. A 1822 Sarki Joji na 4 ya ziyarci ƙasar, shi ma ya sa kilti. Yanzu mutanen Sikotilan suna sa ta ranar aure da ranar biki. Wasu mutanen Ayalan ma sun ɗauke ta don nuna asalinsu.

Kilti, doka ce ta so kashe ta, ba ta mutu ba. Walki kuwa babu wanda ya hana shi. Kunya ce kawai take so ta kashe shi. Kunya ta fi doka haɗari, don ita a zuciya take.

Wani zai ce zamani ya sake, yanzu ga wando ga riga. Gaskiya ne. Babu mai cewa yaro ya zo aji da walki. Mutumin Sikotilan ma ba kullum yake sa kilti ba. Amma kowace tufa da ranarta. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ci takobi. Tun daga nan, kokowar da aka san ta da walki ta zama abin alfahari ga Nijar duka.

Saboda haka, ɗan makaranta na kirki ba ya yi wa mai walki dariya. Sai ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda ake yin walki. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tambayoyi
1. Da me ake yin walki?
2. Shekara nawa dokar hana kilti ta yi?
3. Me ya sa aka ce kunya ta fi doka haɗari?