Tsuntsayen Singafo da na Yamai: da wane mudu za mu auna?

Jama'a, duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan na gidajen kallon dabbobi na ƙasashen waje: aku ja da shuɗi suna sauka a kafaɗar yara, ruwa na kwarara daga kan dutse, tsuntsaye na shawagi kamar a daji. Da an gama kallo sai ka ji an ce: "To ina namu na Muze?" A yi dariya a wuce. Mu kam muna ganin tambayar ta wuce abin dariya, domin amsar da aka ba ta ita za ta nuna inda za a sa ɗan kuɗin da ke akwai.

Mu fara da lissafi, tunda shi ke burge mutane. A arewacin Jamus akwai gidan tsuntsaye na Walsrode, wanda anka buɗe a 1962. Filinsa hekta 24 ne, tsuntsayensa wajen 4,000, iri sama da 600. A Singafo kuma, tsohon gidan tsuntsaye na Jurong da ya fara aiki a 1971 an rufe shi a farkon 2023, anka kwashe tsuntsayen zuwa sabon wuri mai suna Bird Paradise. Can akwai tsuntsaye kimanin 3,500, iri wajen 400. Sun shimfiɗa raga bisa manyan itatuwa, mutum ne ke shiga cikin kejin ya tarar da tsuntsu a sake, kuma mafi girman waɗannan runfuna ta tsuntsayen Afirka ce. Har tsuntsayen ƙanƙara suna da su, cikin ɗakin da ake sanyayawa dare da rana.

In da wannan mudu za a auna, Muze Bubu Hama na Yamai, da anka kafa a 1959, ba ya ma shiga layi. Haka gidan zu na Kano da ƴan Maraɗi da Damagaram ke leƙawa in sun tsallaka. Kuma ba za su taɓa shiga ba. Ƙasar da ake ɗauke wuta cikin zafin Afrilu ba ta da abin da za ta yi da tsuntsun ƙanƙara. Duk wanda ya ce mu yi tsere da Singafo wajen tara iri-iri, ɓarnar kuɗi yake kira mana.

Akwai wani mudun, shi ne wanda muke so a ɗauka. A Amurka akwai wata ƙatuwar ungulu ta Kalifoniya, wadda faɗin fukafukanta ya kusa mita 3. A 1987 guda 27 kaɗai sunka rage a duniya. Sai anka kame su duka, anka raba tsakanin gidan dabbobi na San Diyego da na Los Anjalas. Tsuntsuwar nan ƙwai ɗaya take yi. Ma'aikata sunka lura in an ɗauke ƙwan takan sake yin wani, don haka sai su ƙyanƙyashe na farkon a inji. Ƴan tsakin kuwa ana ba su abinci da safar hannu mai siffar kan uwarsu, don kada su saba da ɗan Adam. A 1992 anka fara sakinsu daji. Yau sun haura 500, fiye da rabinsu suna tashi a sararin Allah. Waɗannan gidaje biyu, ko da ba su da wani tsuntsu sai wannan ungulu, sun ci sunansu.

To mu me ke gare mu da ke buƙatar irin wannan aiki? Da yawa wallahi. Nijar tana da tsuntsaye iri sama da 500, gandun dajin W kaɗai yana da sama da 350. Jimina mai jan wuya, wadda kakanninmu sunka sani a Ayar da Damargu, ta ƙare a dajinmu. Sauran da sunka tsira a hannun masu kiwo ne, kuma da su ake ƙoƙarin raya irin a cibiyar Kelle ta wajen Gure, cikin jihar Damagaram. Gauraka, mai tukku kamar zinariya, ana kama shi ana sayar wa masu hali su ajiye a tsakar gida don ado, har a Najeriya ya zama abin nema. Tuje ya sha hannun mafarauta masu motoci. Ungulu kuwa, wadda dā ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa, tun 2015 an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba na kashe ta, masu tsubbu na sayen kanta. Ku tambayi yaro ɗan shekara goma a Tawa ko ya taɓa ganin ungulu da idonsa, ku ji amsa.

Mun san abin da wasu za su ce: hatsi ya yi tsada, tsaro ya taɓarɓare, ku kuna zancen tsuntsu. Maganarsu tana kan hanya, ba mu raina ta ba. Amma a dubi Indiya. A shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diklofenak ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu irin ungulayensu, domin suna cin mushen shanun da anka yi wa allurarsa. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza sunka yi yawa, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, sai a 2006 anka hana ba dabbobi maganin. Mu ƙasar kiwo ce, duk rani muna da mushe. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi. Shamuwa da balbela kuma suna cin fara a gonakinmu. Zancen tsuntsu zancen lafiya ne da na cimaka.

Rashin tsaron ma hujja ce a wajenmu. Yau wane mushe ne zai kwashi ƴan lakwal ya kai su gandun W? Ga yawancin yaranmu, abin da sunka gani a Muze lokacin hutu ko ranar Salla shi ke nan iliminsu na dabbar daji. In sun tarar da tsuntsu a takure ba suna ba bayani, darasin da za su ɗauka shi ne tsuntsu abin jifa ne da tsokana.

Saboda haka ga abin da muke roƙon mahukunta da masu kula da irin waɗannan wurare, a Yamai ko a duk garin da ake tunanin buɗe wani. A bar sha'awar ɗawisu da akun ƙasashen waje, a sa ƙarfi kan namu: jimina, gauraka, ungulu, tuje, burtu, dinya. Maimakon ƙananan kejina goma, a ɗaga raga guda babba bisa itatuwa, da ruwa a ƙasa, yadda tsuntsu zai buɗe fiffike ya tashi. Dabarar Singafo ke nan da za mu iya ɗauka daidai aljihunmu. A rubuta sunan kowane tsuntsu da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu kusa da Faransanci, da abin da yake ci da amfanin da yake mana. Tsuntsayen da jami'an gandun daji ke ƙwacewa hannun ƴan fatauci a samu wurin jinyarsu, wanda ya warke a sake shi. A ƙulla aiki da cibiyar Kelle da ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni. Shamuwa kuma a bar ta da tafiyarta: ita da ke zuwa daga kudancin Afirka ta shaida mana damina ta kusa, keji ba wurinta ba ne.

Ku kuma masu gauraka a tsakar gida, kun san ba kasafai yake haihuwa a can ba. Duk ɗaya da kunka saya, an rage ɗaya a fadama.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In an tambaye mu wane gidan dabbobi ya fi, ba za mu ƙirga kejina ba. Za mu tambaya: tsuntsu nawa ya haihu a nan, nawa anka mayar daji, yaro nawa ya fita ya san sunan abin da ya gani? Ku faɗa mana, a garinku yaushe rabonku da ganin ungulu ko gauraka? Allah ya ba mu damina mai albarka.