Madawa, Buza da Keita: Muna da Masu Hannu, Zaman Tattaunawa Ne Babu

A hutun da ya wuce na je Yamai, wani abokina ya ja ni kallon baje kolin zane-zane. Zanen sun yi kyau, amma abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Da aka gama kallo sai aka jera kujeru, mai zanen ya zauna gaba, jama'a suka shiga yi masa tambayoyi. Wani ɗalibi ya ce don me yake shafa jar ƙasa alhali ga fenti a kanti. Wata dattijuwa ta ce matan da ya zana a bakin rijiya ba haka ake riƙe igiyar guga ba. Ya yi dariya, ya ce gaskiyarta, a birni ya girma. Kusan awa biyu ana ja ana saki, babu wanda ya tashi da fushi.

A mota, kan hanyar komowa Madawa, wani yaro ya faɗo mini. Shekarun baya yana ajina, a ajin ƙarshe na firamare. Wata rana na kama shi yana zana motar da ake lodin buhunan albasa a bayan littafin lissafi. Komai ya fito: igiyoyin ɗauri, ƴan dako, har yaron mota a saman kaya. Na karɓe littafin, na yi masa faɗa, na ce ɓata takarda yake. Ban tambaye shi yadda ya koya ba, ban nuna wa kowa ba. Yau yana ci-rani kamar sauran tsaransa. Laifin nawa ne, kuma na san ba ni kaɗai ba ne malamin da ya taɓa yin haka.

Abin da nake son faɗa wa ƴan'uwana malamai da uwaye shi ne: fasaha ba ta girma da hannu kaɗai, sai da baki. Duk inda aka ga masu zane sun yi fice, in an bincika za a tarar akwai wurin da suke zama ana duba aikinsu, ana yabawa, ana kushewa. A Madawa da Buza da Keita muna da masu hannu. Wurin zaman ne ba mu da shi.

Mu dubi Zariya. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya tasu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawa ne, salon Turai ake koya musu. Su kuma suka riƙa haɗuwa suna muhawara kan tambaya ɗaya: ta yaya za mu ɗauki dabarar da ake koya mana mu haɗa da adon da muka gada a gida? Ƙungiyar ba ta wuce ƴan shekaru ba, amma har gobe ba a ba da tarihin zanen zamani a Najeriya sai an ambace ta. Ba kuɗi ne jarinsu ba, zama ne da gardama.

Ba ma sai mun ƙetare iyaka ba. Marigayi Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, a Tawa ya yi zaman shekaru yana aikinsa. Tun 1966 ya yi fim da kwaɗi yana zolayar tafiye-tafiyen shugabanni. Ya rasu a 2015, kuma a 2024 aka sa sunansa ga babbar cibiyar al'adu ta Yamai wadda a da take ɗauke da sunan Jean Rouch. Na tambayi ɗalibaina ko sun taɓa jin sunansa, aji ya yi tsit. Haka ma Falke Barmu, maginin da ya fara gina masallacin Yama da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariyam Isufu da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018. Masu nazarin gine-gine a ƙasashen waje suna tattauna waɗannan ayyuka. Mu da muke jiha ɗaya da su, yaushe muka taɓa zama da yaranmu a kansu?

Wani zai ce mutanenmu ba su iya irin wannan muhawara ba. Ban yarda ba. Ku zauna a kowace fada lokacin kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Yaro ɗan shekara goma zai gaya maka inda ɗan kokowa ya yi sake da ƙafa, da dalilin da ya sa alƙali ya yi kuskure. Wa ya koya masa? Ya ji manya suna gardama ne, idonsa ya buɗe. Da tabarma da gini da zane suna samun rubu'in wannan gardamar, da yanzu wani labarin ake.

Kayan magana kuwa ga su nan birjik. Tabarmar kaba ta Madawa ta yi suna har wajen ƙasa, amma masaƙiyar da ta ƙago sabon zubin launi ba ta da suna a bakin kowa, sai dai a ce nawa ce. A Keita, tun 1984 aikin farfaɗo da ƙasa ya sa mata suka yi ta dakon duwatsu a ka, aka dasa miliyoyin itatuwa. A kwarin Majiya na Buza, tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don tare iska. Baƙi sun ɗauki hotuna, sun rubuta rahotanni. Jikokin matan nan suna cikin azuzuwanmu, ba mu taɓa cewa su zana labarin kakanninsu su kawo mu duba tare ba.

Na san akwai masu ja da baya, kuma dalilansu ba na banza ba ne. Na farko addini. Uwaye da yawa suna tsoron zana abu mai rai, malamai kuma suna da maganganu a kai. Ban zo da fatawa ba. Abin da na sani shi ne fasaharmu mai yawa babu sura a cikinta: zayyanar allon sauka, adon bango, zanen ƙwarya, aikin fata, ɗinkin hula. A fara da waɗannan. A kuma gayyaci malamin unguwa ya zauna, yara su ji iyakar daga bakinsa. Ya fi a bar su suna zane a ɓoye.

Na biyu talauci. Za a ce makarantar da ajinta na zana ne, alli ma sai an yi karo-karo, ina ita ina taron fasaha? Amsata ita ce zaman da nake nufi bai fi ƙarfin tabarma biyu da inuwar itace ba. Kuma sana'a ce ake magana. Mai rubuta allon shago, mai zayyana katin biki a waya, tela mai aikin wuya, duk da ido da hannu suke cin abinci. Yaron da aka saba yi wa gyara a gaban jama'a shi ne gobe zai iya jure ƙorafin mai saye.

Na uku kunya. Tarbiyyarmu ba ta son yaro ya ja da babba. Gaskiya ne, shi ya sa zaman yake bukatar doka: aiki ake tambaya, ba a taɓa mutuncin mai shi.

Ga shawarata. Kowace makaranta, tare da ƙungiyar uwayen yara, ta ware yini ɗaya a wata bayan an tashi karatu. A gayyato mai sana'a ɗaya daga garin, mace ko namiji, ya zo da aikinsa. A ba shi ɗan abin goro, don lokacinsa kuɗi ne. Yara su yi masa tambaya uku: da me ka yi, don me ka yi shi haka, me za ka sake in za ka ƙara yi? Daga nan yara biyu ko uku su nuna nasu, shi kuma ya duba. A yi da Hausa, wadda tun 2025 ita ce harshen ƙasa, a bar mai Tamajak ko Fulatanci ya yi da nasa a fassara. Kada a bar ƴan mata a baya, su ne magada tabarma da ƙwarya. In gidan rediyon gari ya yarda ya ɗauki zaman, uwayen da ke gona ma za su ji. In abu ya kankama, a ƙarshen shekara makarantun gari su haɗu a gidan matasa su baje abin da suka tara.

Ku kuma uwaye, in kun ga zane a bayan littafin ɗanku, kafin faɗa ku tambaye shi mene ne wannan. Ni na riga na yi magana da wata masaƙiyar tabarma a unguwarmu, ta ce za ta zo in an koma karatu. Sharaɗinta ɗaya ne: a tanadar mata kujera, don gwiwa ta fara ciwo.