Ga Masu Gudun Asibitin Tiyata, Ina Da Magana

Wannan maganar ta daɗe tana cina, yau dai sai na amayar. Da ƙannenmu 'yan Arewa da ke karatun likita da na nas a nan Kudu nake, musamman waɗanda suka shiga zagayen tiyata.

Shekaranjiya aka kawo wani dattijo daga Sabo, gwaiwa ta maƙale masa, yana ta amai. Ba ya jin Turanci, aka shiga neman mai Hausa. Yaranmu huɗu ne a rukunin da ke ɗakin ranar, ko ɗaya babu. Ni da na zo ɗaukar bayanan bincikena na mastas, ni na yi tafinta. Da yamma na tarar da biyu a ɗakin karatu suna haddar tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wai wani zai sa musu hannu a littafin halarta. Haba!

Hujjarku kullum ɗaya ce: "Ni ba likitan tiyata zan zama ba." To wa ya tambaye ka? Na yi shekara uku ina aikin nas a wani babban asibitin ƙaramar hukuma a gida kafin in dawo makaranta. Likita ɗaya muke da shi, wani lokacin ɗan bautar ƙasa. Ƙarfe biyun dare za a sauke yaro daga bayan a-kori-kura, ya yi sati biyu yana zazzaɓin taifot, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Hanji ne ya huje. Ko ba kai za ka yanka ba, kai za ka gane, ka sa ruwa, ka hana shi ci, ka tura shi gaba cikin daren. In ba ka taɓa ɗora hannu a irin wannan cikin ba, maganin ulsa za ka rubuta ka koma barci, da safe a zo da likkafani.

Littafi zai gaya maka ciwon afendis yana farawa wajen cibiya ya gangaro dama ta ƙasa. Ba zai nuna maka yadda mara lafiya ke ɗauke numfashi in ka danna ka saki ba. Kuma mutanenmu ba da wuri suke zuwa ba, kowa ya sani. Sai an gama da jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi sakiya, mai ɗori ya ɗaure hannun yaro tam har yatsu sun yi baƙi. Wanda aka kawo maka a haka, ba irin hoton littafi ba ne.

A 2015 kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya. Ba sai an faɗa mana ƙauyukanmu suna ciki ba.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ba a son a taɓo. Namiji ya zame in za a duba ƙullutun nono, mace ta ɓace in an ce gwaiwa. Na fahimta, ni ma haka na taso. Amma ƙanwata, matar da ta ɓoye ƙullutu wata takwas don ba ta son namiji ya gani, ke take jira. In ke ma ba ki koyi dubawa ba, wa ya rage mata? A nemi izinin mara lafiya, a ja labule, a tsayar da nas a gefe, a koya.

Na san wasu manyan likitocin suna da dizgi, su tsinka ka gaban mara lafiya da 'yan aji. Ba daidai ba ne, kuma koyarwa ba ta buƙatar haka. Matsalar yare ma akwai ta. Amma 'yan ajinku da suka zo daga wata shiyyar su ma ba yaren garin suke ji ba, kuma suna nan tsaye bakin gado.

Dattijon dai an shiga da shi a daren, an yanke ɗan guntun hanjin da ya mutu. Yana gado na uku daga ƙofa, har yanzu ba mai yi masa tafinta in an zo zagayen safe. Ƙarfe takwas ake farawa.