A Bar Hannun Yaro Ya Yi Karatu: Darasi Daga Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai wani aikin hannu da ya daɗe a ƙasashen Turai da Amurka da Japan wanda ya cancanci mu dube shi da idon malanta, wato harhaɗa ƙaramin samfurin jirgi. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, da Tamiya na Japan, da Italeri na Italiya, da Zvezda na Rasha, suna sayar da kwali ɗauke da gutsattsarin roba masu lambobi, tare da takardar zane da ke nuna yadda za a haɗa su bi da bi, har a sami jirgi mai kama da na gaske sak, wanda za a iya ɗora shi a kan teburin aji. Ra'ayinmu shi ne irin wannan aiki yana da gurbi a ƙananan sakandarenmu, kuma ya kamata reshenmu ya nemar masa wannan gurbi da babbar murya.

Bari mu ɗauki misali ɗaya: jirgin yaƙi mai saukar ungulu samfurin Mi-24, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara tashi a 1969. Ɗan'uwansa Mi-35 yana cikin jiragen da Rundunar Sojin Saman Najeriya ke amfani da su. Faɗin zagayen babbar farfelarsa mai fikafikai biyar mita 17.3 ne. Idan aka rubuta 1:72 a jikin kwali, ana nufin kowane santimita ɗaya na samfurin yana madadin santimita 72 na jirgin gaske. Sai malami ya ce wa ɗalibai su lissafa faɗin farfelar da ke cikin kwalin tun kafin a buɗe shi. Za su sami kimanin santimita 24. A buɗe, a haɗa, a ɗora rula. Yaron da ya ga amsarsa ta yi daidai da abin da ke hannunsa ya fahimci darasin rabo, fahimtar da maimaici a allo ba zai ba shi ba. Gani ya kori ji.

Lissafin bai tsaya nan ba. In tsawo ya ragu sau 72, faɗin fili yana raguwa sau 5,184, girman ciki kuwa sau 373,248. Jirgin nan ba kaya ba mutane yana da nauyin kimanin tan takwas da rabi. Da za a ƙanƙantar da shi da ƙarfensa da komai nasa zuwa wannan sikeli, da nauyinsa bai wuce giram 23 ba. Ga darasin murabba'i da na ninki uku, waɗanda suke ba ɗalibanmu wuya kowace shekara, sun fito fili daga cikin kwali ɗaya.

Haka abin yake a fannin kimiyya. Ba a rasa yaron da zai tambayi amfanin ƙaramar farfelar da ke jikin wutsiya. Amsar ita ce dokar Newton ta uku: idan inji ya juya babbar farfela zuwa wani gefe, gangar jirgin za ta nemi juyawa zuwa ɗaya gefen, sai ƙaramar farfela ta tare ta. Daga nan ɗalibi zai gane dalilin da ya sa jirgin Chinook na Amurka ba shi da farfelar wutsiya, domin manyan farfelunsa biyu suna juyawa ne saɓanin juna, kowacce tana kashe ƙarfin 'yar'uwarta.

Sai kuma tarbiyyar da aikin kansa ke koyarwa, wadda a ganinmu ta fi lissafin daraja. Mai haɗa samfuri dole ya karanta zane kafin ya taɓa reza. Yana gwada gutsure biyu a bushe kafin ya sa gam, domin gam ɗin narkar da robar yake yi ya haɗe ta, in ya kama babu gyara. Yana fente kujerun matuƙi da na maharbi kafin ya rufe ɓarin jiki biyu, don buroshi ba zai sake kaiwa wurin ba. Yana kiyaye gilashin gaba daga gam, in ba haka ba ya dushe. Yana goge gaɓa da sanfefa, ya jira fenti ya bushe kafin ya ƙara wani. Wanda ya yi gaggawa zai ga sakamakon gaggawarsa a jikin jirgi, ba sai malami ya ɗaga murya ko bulala ba.

Mun san za a ce mana kuɗi. Gaskiya ne, daga waje ake shigo da waɗannan kwalaye, kuma kowa ya san halin da naira take ciki. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba za a ce ya saya daga aljihunsa ba, kuma ba za mu yarda a ɗora wa iyaye ba. Amma kwali ɗaya ya ishi makaranta guda a matsayin abin koyi. Sauran aikin na kara ne da kwali da gwangwani da waya. Yaran ƙasar Hausa sun gaji motar kara da ta langa-langa kaka da kakanni; abin da suka rasa shi ne awo. A ba yaro rula da zane, a ce ya yi jirginsa na kara a sikelin 1:48, farfela santimita 36 ba daɗi ba ragi, wasa ya zama injiniyanci. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ruwaito labarin wani ɗalibin jami'a a Kano da ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa. Basirar tana nan, mai raino take nema. Kuma ga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ga Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama a Kaduna, duk a ƙofar gidanmu.

Akwai wata suka da ta fi ta kuɗi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Jirgin yaƙi makami ne. A wasu garuruwan arewa maso gabas da arewa maso yamma, ƙarar jirgi a sama tana sa yara neman wurin ɓuya, kuma wasu daga cikinsu suna zaune a azuzuwanmu yau. Malami ya fi kowa sanin ajinsa. Inda ya ga siffar jirgin yaƙi za ta fama wa yaro miki, sai ya zaɓi jirgin ɗaukar marasa lafiya ko na ceto, lissafi da kimiyyar duk ɗaya ne. Inda kuwa aka zaɓi na yaƙi, a faɗa wa ɗalibai gaskiyar abin da aka ƙera shi dominsa, da abin da yaƙi ke yi wa mutane. Sanin yadda na'ura ke aiki daban, sha'awar ɓarnarta daban, kuma raba waɗannan biyun aikin malami ne.

Haka nan batun gam da reza. Mun ga abin da sholisho ya yi wa matasa a unguwanninmu. Saboda haka gam ya zauna a hannun malami, a yi aiki tagogi a buɗe, a ƙirga reza kafin a tashi, a yi amfani da fenti mai narkewa da ruwa.

Tarihi ma yana da gargaɗi gare mu. Lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama suka lalace a cikin akwatunansu, saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka horar. Abin da muke nema yanzu ba ya bukatar lantarki ko kwangila. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma kayan koyarwa da horar da malamai suna cikin abin da ake kashe kuɗin a kai.

Don haka muna kira ga shugabannin reshe su kai bukatu uku gaban hukumar ilimi: a ware darasi biyu a jere kowane mako domin aikin hannu, a tanadi ɗan kaso na rula da gam da fenti da samfuri ɗaya ga kowace makaranta, a kuma shirya bita inda malaman lissafi da na fasaha za su haɗa samfurin da hannunsu kafin su kai shi aji. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su mara mana baya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyaye mata da maza, idan kun tarar da yaro ko yarinya a zaure suna fere kara, kada ku watsar da shi da sunan shara. Ku tambaye su tsawon abin da suke ƙerawa, ku miƙa musu rula. Allah ya albarkaci zuri'armu, ya ba malamai ladan wahalarsu.