Kunyar Ɗan Fari Kada Ta Cuci Jariri



Kwanakin baya na je barka a Babban Mutum, ta ƙaramar hukumar Ɓaure, wajen wata yarinya da ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Haihuwar fari ce. Jariri na tsala kuka, mai jego ta kau da kai kamar ba nata ba. Sai da muka fita tsakar gida sannan ta ba shi nono. Gwaggonta har yabo take yi, wai ga ɗiya mai kunya.

Ni ma haka na taso, kuma ɓoye sunan ɗan fari bai cuci kowa ba. Amma hana shi kallo da magana wani abu ne daban. Likitoci sun tabbatar jariri yana sanin muryar uwarsa tun yana ciki. A makonnin farko kuma idonsa ba ya gani sosai sai abin da ke kusa, kimanin tazarar nono zuwa fuskar uwa. Daga wannan kallo da 'yar hirar da ake yi masa yake samun natsuwa, yake fara koyon magana.

Mu tuna Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hassan a gaban mutane, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi bai taɓa sumbatar 'ya'yansa goma ba, bai yaba masa ba.

Iyayenmu masu kula da wankan jego, don Allah cikin kwana 40 ɗin nan idan jariri ya yi kuka, ku da kanku ku miƙa mata shi, ku ce ta rarrashe shi ko da baƙi a ɗaki.