Biki Ne Ko Bashi?

Yau ina so mu ɗan yi lissafi, amma kada kowa ta tsorata, babu bulala a wannan aji.

Sau da yawa uwar yaro ta kan zo makaranta ta ce mini, "Malama, ki yi haƙuri da shi, gado ya yi, ni ma kaina ba ya ɗaukar lissafi." To, tambaye ta abin da aka kawo mata ran sunan yaron nan, shekara tara da suka wuce. Nan take za ta zayyana miki: wance turmin atamfa da sabulu uku, wance naira ɗari biyar, wance kuwa ta zo hannu rabbana, ta kuma tashi da malmala biyu ta tuwo. Ba alli, ba littafi, ba kuskuren ko kwabo.

Al'adar biki dai kowa ta san ta. Ƙawarki ta kawo miki gudummawa ran sha'aninki, ke kuma in nata ya tashi ki mayar da ninki. Abin ya daɗe, gama ko Baba ta Karo, tsohuwar nan da aka buga labarin rayuwarta da Turanci a 1954, ta yi zancen yadda ƙawaye su ke yi wa juna kyauta a lokacin sha'ani. Asalinsa taimako ne, don ɗawainiyar aure ko suna ta fi ƙarfin mace ɗaya.

Amma ku zo mu duba inda ninki ya ke kai mutum. A ce kun fara da naira 1,000. Karo na biyu 2,000 ke nan, na uku 4,000, na bakwai 64,000, na takwas kuwa 128,000. Ga shi mafi ƙanƙantar albashin da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Sha'ani takwas kuma tsakanin mata biyu masu haihuwa, ga ƙanne ga 'ya'yan riƙo, ai ba ya ɗaukar shekaru da yawa.

Daga nan sai ki ga an kwashe adashi tun lokacinsa bai yi ba, an sayar da akuya, an taɓa kuɗin littattafan yarinya. Wadda ta rasa abin sayarwa kuwa, ran bikin sai ciwon kai ya kama ta, ba ya sakinta sai an watse. Na san ƙawaye biyu da suka tashi tare tun suna tallan gyaɗa, yau ko gaisuwa ba sa yi. Ba miji ya raba su ba, ba tsegumi ba, wai an mayar da biki ba ninki.

Ni a ganina, kyautar da a ke jiran ta dawo da 'yarta a goye ta tashi daga kyauta. Shawarata ita ce, tun abin bai kai ga gaba ba, ki je gidan ƙawarki ranar da ba kiɗa ba guɗa, ki ce mata, "Ƙawata, mu sauke wannan kaya, kowa ta kawo abin da Allah Ya hore mata." Ina tabbatar miki ita ma abin da ke hana ta barci ke nan, kunya ce ta hana ta fara faɗa.

Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa ta ke, ba su ce a gefen zane ba. Wadda ta zo ta kwana tana tuƙa miki tuwon suna, nawa za ki ninka mata?

Allah Ya bar mu da ƙawayenmu, amin.