Ungulu Ta Yi Ƙaura, Ba Mu Lura Ba

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan sallar La'asar, na tsaya a bakin hanyar Takur ina duban sararin sama. Shirwa biyu na shawagi bisa duwatsun da suka bai wa garinmu suna. Na jira ungulu har rana ta faɗi, ban ga ko ɗaya ba.

Bambance tsuntsayen nan ba ya buƙatar madubin hangen nesa. Shirwa jelarta a rabe take kamar bakin almakashi, tana murza ta yayin juyawa. Shaho fikafikansa masu tsini ne, gudunsa kamar kibiya. Gaggafa kusan ba ta da jela, takan karkata hagu da dama cikin iska. Ungulu kuwa faffaɗan fikafikai gare ta da kai mai sanƙo, ba ta cika kaɗa su ba. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suka ce ungulu ba ta jewar banza.

A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Wani bincike da mujallar Nature Ecology and Evolution ta buga a 2024 ya duba nau'i 42 na tsuntsaye mafarauta a Afirka, ya tarar kusan kashi 90 cikin ɗari sun ragu. Dalilan a gabanmu suke: guba a mushe, cinikin kawunansu don magani da tsibbu, da sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai.

Indiya ta ɗanɗana kuɗarta. Maganin dabbobi diclofenac ya kusa shafe ungulayenta kafin a haramta shi a 2006. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, cututtuka suka biyo baya.

Shawarata ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ita ce su ɗauki littafi da biro, su riƙa rubuta tsuntsun da suka gani, da wurin, da ranar, tun daga Takur har dausayin Baturiya. Masu unguwanni kuma su tsawatar kan zuba guba a mushe. Mai karatu, yaushe rabonka da ganin ungulu a kan tsamiyar unguwarku?